Injin Tace Ruwa Na RO: Yadda Yake Aiki, Yadda Ake Kula Da Shi, Da Yadda Ake Gane Ruwan Da Ya Fito

Wanda ke zaune a Maitama, Asokoro, Wuse ko Garki a Abuja, ruwan famfonsa daga madatsar Lower Usuma yake zuwa, can wajen Ushafa a yankin Bwari. Hukumar Ruwa ta Babban Birnin Tarayya ce ke tace shi, kuma ana ƙara wa madatsar ruwa daga Gurara ta jihar Kaduna ta wani bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Amma da zarar ka fita gefen birni, irin su Lugbe, Kuje, Karshi, har zuwa Mararaba ta jihar Nasarawa, gidaje da yawa rijiyar burtsatse suka dogara da ita, sai 'yan ga-ruwa, sai ruwan leda. Abin da ya sa ke nan kamfanonin fiya wata suka yi yawa a waɗannan unguwanni, kuma da yawansu da injin da ake kira RO suke aiki.

'Yan uwanmu da ke Agege, Idi-Araba, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu ko Fatakwal sun san wannan injin. Wani yana aiki a kamfanin ruwa, wani ya zuba jarinsa a ciki, wani kuma ya sayi ƙarami ya maƙala a kicin. Matsalar ita ce da yawa ana sayen injin, a kunna, a manta da shi sai ranar da ya tsaya. Kafin ranar nan kuwa, ƙila an yi watanni ana shan ruwan da bai tacu ba.

Mene ne RO?

Zuciyar injin wani tantani ne siriri da aka naɗe kamar tabarma aka cusa a cikin bututu. Masu gyara suna ce masa mamburen. Famfo yana tura ruwa da ƙarfi a jikinsa, ruwa zalla ya ratsa ya wuce, gishiri da yawancin abin da ya narke a cikin ruwan su tsaya a baya. Saboda haka kullum injin yana fitar da ruwa kashi biyu: mai kyau wanda ake sha, da na zubarwa wanda ya kwashe dattin.

Masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su ne suka ƙera tantani na farko mai amfani a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, wajen 1960, don a cire gishiri daga ruwan teku. Yau Saudiyya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa dogara da tace ruwan teku, kuma tashar Shu'aiba da ke bakin Bahar Maliya tana cikin masu bai wa Makka da Jidda ruwa.

Haka ma masu doguwar tafiya a ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, irin wannan injin suke ɗauka su riƙa yin ruwan shansu a tsakiyar teku. Ruwan teku yana da narkakken gishiri kimanin miligiram 35,000 a kowace lita, don haka injinsu yana buƙatar matsi wajen bar 55. Na kamfanin ruwan leda da ke aiki da ruwan burtsatse yawanci bar 10 zuwa 15 ya ishe shi, na kicin kuwa bar 4 zuwa 6. Ma'aikatan jirgi suna da ɗabi'u uku da ya kamata mu ara: ba sa barin injin ya kwana da ruwa mai datti a cikinsa, ba sa zuba ruwan farko a tanki sai sun auna shi, kuma suna rubuta abin da suka auna. Wanda ke tsakiyar teku ba shi da mai gyara, dole ya kula.

A fara da gwada ruwan rijiyar

Ba kowane ruwa ne ke buƙatar RO ba. Ƙasar Abuja galibi dutse ce a ƙarƙashi, kuma ruwan burtsatse a irin wannan wuri sau da yawa ba shi da gishiri mai yawa. Abin da ya fi zama barazana shi ne ƙwayoyin cuta da sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga masai da sokawe, musamman a unguwannin da aka cunkushe gidaje, rijiya nan, shadda nan. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakaninsu, amma wa ke da wannan fili a Nyanya ko Agege?

A Kudu labarin ya bambanta. A Lekki, Ajah da Victoria Island ruwan teku yana kutsowa cikin rijiyoyi, ruwan ya yi zartsi. A Yenagoa da wurare da dama na yankin Neja Delta ƙarfe ne ya yi yawa, ka tari ruwa garau da safe, kafin azahar ya koma ja. Mai ruwan zartsi yana buƙatar RO. Mai ruwan ƙarfe sai ya fara cire ƙarfen tukuna, in ba haka ba tantanin zai toshe cikin ɗan lokaci.

Nijeriya tana da ma'aunin ruwan sha, NIS 554, wanda hukumar SON ta fitar a 2007 aka sabunta shi a 2015. Ga kaɗan daga cikin iyakokin da ya gindaya a kowace lita: jimillar narkakkun abubuwa, wato TDS, kada ta wuce miligiram 500; ƙarfe 0.3; naitiret 50; fulorayid 1.5, dalma 0.01. Ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, ko ɗaya ba a yarda a samu ba a cikin mililita 100. Ka kai ruwanka ɗakin gwaji na hukumar ruwa, ko na jami'a, ko mai zaman kansa da aka amince da shi, ka gwama sakamakon da waɗannan lambobi kafin ka kashe kuɗi a kan inji.

A yi hattara da wata dabara ta wasu masu tallar injin. Za su zo da wata na'ura mai sandunan ƙarfe, su tsoma a kofin ruwanka, su jona wuta, ruwan ya koma ruwan kasa ko kore, su ce ka ga gubar da kake sha. Launin nan daga jikin sandar ƙarfen yake fitowa. Duk ruwan da ke da ɗan gishirin ma'adinai, ko da lafiyayye ne, haka zai yi.

Sassan injin da aikin kowanne

Ruwa yana fara bi ta tulun yashi, wanda ke tare laka. Daga nan sai tulun gawayi, mai cire wari da sinadarin kulorin. Sai ƙaramin mataci fari da ake kira kyandir, galibi mai lamba 5, wanda ke tare ɗan abin da ya tsere. Bayan su ne famfon matsi, sannan tantanin kansa. A kamfanoni an fi amfani da mai lamba 4040, wato faɗin inci 4 da tsawon inci 40, ko babban wansa 8040. A ƙarshe akwai fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma suna ƙara iskar ozon.

Duk abin da ke gaban tantani, aikinsa kare tantanin ne. Kyandir kuɗinsa kaɗan ne, tantani kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayan da ake canzawa. Wanda ya yi rowar kyandir, kuɗin tantani zai biya.

Abubuwa huɗu da ke kashe tantani

Na farko kulorin. Tantanin zamani ba ya jure shi ko kaɗan, cinye shi yake yi, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Wannan ya shafi duk wanda ya jona injinsa da ruwan hukumar ruwa, da wanda ke zuba kulorin a tankinsa don kashe cuta. Gawayi ne kaɗai katangar da ke tsakani, don haka a riƙa gwada ruwan da ya fito daga tulun gawayi da 'yar takardar gwajin kulorin. In ta nuna launi, a kashe injin.

Na biyu ɓawon farar ƙasa, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Yana taruwa ne idan ruwan zubarwa ya yi kauri da yawa. Babban kuskuren da ake yi shi ne mai kamfani ya ga ruwa yana zuba a kwata, ransa ya ɓaci, ya ce yaro ya matse bawul ɗin. Ruwan kirki zai ƙaru na 'yan kwanaki, sannan tantanin ya daskare. Injin kamfani yakan ba da kashi 50 zuwa 75 cikin 100 na ruwan da ya shiga, gwargwadon yadda aka tsara shi, na kicin kuwa sau da yawa bai wuce kashi 20 zuwa 30 ba. A bar shi yadda aka saita. Ruwan zubarwar a tare shi a yi wanke ban ɗaki, shara ko wankin mota da shi.

Na uku yauƙi, wato ƙwayoyin da ke hayayyafa idan ruwa ya kwanta a cikin injin. A zafi irin na Abuja a watan Maris, kwana biyu zuwa uku sun isa.

Na huɗu bushewa. Tantanin da ya taɓa jiƙa, in ya bushe, da wuya ya koma yadda yake. Kada a cire shi a jingine a bango.

Idan za a yi tafiya

Wannan ya shafe mu sosai, domin da yawa muna rufe shago mu tafi gida Sallah ko noman damina. In kwana biyu ko uku ne, a sa wani ya riƙa kunna injin minti 15 zuwa 30 kullum. In zai kai mako biyu ko fiye, sai a jiƙa tantanin da maganin adanawa. Wanda aka saba shi ne sodiyom metabaisalfait, kimanin kashi 1 cikin 100, wato giram 10 a kowace lita ta tataccen ruwa. A zagaya shi cikin injin, a rufe duk bawul. In an dawo, a bar ruwa ya zuba a ƙasa har warin maganin ya ɓace gaba ɗaya kafin a tara a tanki. Na kicin kuwa, a juye ɗan tankinsa, a zubar da cikawar farko da ta biyu bayan an dawo.

Littafin injin

Ka sayi littafi irin na 'yan makaranta ka rataye kusa da injin. Kullum, bayan ya yi minti 10 yana aiki, a rubuta kwanan wata, TDS na ruwan da ke shiga, TDS na wanda ya fito, abin da agogon matsi ya nuna kafin kyandir da bayansa, da yawan daƙiƙun da jarka mai lita 20 ke ɗauka ta cika. An ce a jira minti 10 ne domin ruwan farko bayan an kashe injin kullum lambarsa tana hawa, sai ya ɗan gudana take sauka.

Lissafin mai sauƙi ne. A ce ruwan rijiya ya nuna 400, wanda ya fito ya nuna 12. Cire 12 daga 400, saura 388, raba da 400, ka samu kashi 97 cikin 100. Tantanin yana lafiya. Ranar da wanda ya fito ya koma 60, to kashi 85 ke nan, akwai magana. Lamba ɗaya ta yini ɗaya ba ta faɗa maka komai. Sai ka jera ta da ta makon jiya da ta watan jiya za ka ga inda aka dosa.

Gano matsala daga alamunta

Ruwa ya ragu, TDS bai canza ba: fara duba kyandir. In bambancin matsi kafinsa da bayansa ya kai kusan bar 1, canza shi. Duba wuta kuma, domin in ta zo rabi-rabi ko janareta ya gaza, famfo ba zai kai matsinsa ba. Sannan ka tuna da sanyi: duk digiri ɗaya da ruwa ya sauka, abin da tantani ke bayarwa yana raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100. Raguwar da ake gani da asubar hunturu a Abuja sau da yawa ba lalacewa ba ce. In duk waɗannan lafiya, to yauƙi ne.

Ruwa ya ragu, TDS yana hawa a hankali: ɓawon farar ƙasa ne ko tsatsar ƙarfe.

Ruwa ya ƙaru, TDS ma ya hau: kada a yi murna. Kulorin ya ci tantanin, ko ya yage.

TDS ya yi tsalle dare ɗaya, musamman bayan an buɗe injin: duba 'yan robobin zobe da ke bakin tantanin. Ɗaya ta tsinke ko ta goce, ɗanyen ruwa yana gauraya da tatacce. Gyaran kuɗi kaɗan ne, kada a bari a sayar maka da sabon tantani a kansa.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai: ruwa ya kwanta a ciki. A canza kyandir, a wanke gidansa, a bar injin ya gudana a ƙasa.

Famfo yana ƙara kamar yana tauna tsakuwa: ruwa ba ya isarsa, ko iska tana shiga ta wani wuri. A kashe nan take, domin gudu ba ruwa yana ƙona shi.

Kyandir yana yin ja cikin kwana kaɗan: ƙarfe ne. A riƙa watsa ruwan rijiyar ta sama ya sha iska, ya kwanta a tanki, sannan ya bi ta yashi.

Na kicin yana ɗigowa kaɗan-kaɗan alhali tankinsa da nauyi: iskar cikin tankin ta fita. A juye ruwan, a buga masa iska da famfon keke zuwa kimanin psi 7. In kuma ruwan zubarwarsa ba ya tsayawa ko tanki ya cika, ɗan bawul mai kashe kansa ne ya mutu.

Wanke tantani da magani

Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce a wanke idan ruwa ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kada a jira sai ya koma rabi. Magani iri biyu ne. Mai tsami, irin sitirik asid, yana narkar da ɓawo da tsatsa. Mai kaifin kanwa kuma yana cire yauƙi da maiƙo. Ba a haɗa su wuri ɗaya; a yi ɗaya, a ɗauraye sosai da tataccen ruwa, sannan a yi ɗayan. A sa safar hannu da tabarau. Kada a kuskura a zuba bilic ko omo. Tantanin da ake kula da shi yakan kai shekara 3 zuwa 5 a kamfani, 2 zuwa 3 a gida.

Fitilar UV kuma ana canza ta bayan kimanin awa 9,000, wato shekara guda in tana kunne dare da rana. Tana iya ci gaba da haske alhali ƙarfin kashe cutar ya tafi. A riƙa goge gilashin da ke lulluɓe da ita.

Abin da mitar TDS ba ta gani

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. 'Yar mitar nan mai kama da biro, gishirin da ya narke kawai take aunawa. Ba ta ganin ƙwayar kwalara, ba ta ganin taifot, ba ta ganin man fetur. Ruwa yana iya nuna 10 kuma ya kwantar da gida guda. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan ƙasar Ogoni, inda ta samu sinadarin benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900. Mitar TDS ba za ta nuna wannan ba. A 2021 kuma hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Abuja tana cikin inda abin ya taɓa. Legas ma ta ga nata a watan Yuni na 2024.

Ruwan RO ba shi da kulorin da zai kare shi bayan ya fito. In tankin ajiya yana da datti, ko tiyo yana jan ƙasa, ko jarkar ta yi kore a ciki, aikin injin ya tashi a banza. A wanke tanki akai-akai, a rufe shi ruf. A kai ruwa gwajin ƙwayoyin cuta aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina, da kuma duk lokacin da ambaliya ta shiga unguwa. A karɓi kwalba daga ɗakin gwajin, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai cikin awa 6.

In ana shakkar ruwa, a tafasa shi. Tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai ba ta cire naitiret, wanda ke da haɗari ga jarirai 'yan ƙasa da wata 6. Mai jego da ke dama wa jariri madarar gwangwani ta tabbata ruwan an gwada shi.

Ga mai saye da mai sayarwa

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa ruwan leda da na gora rajista, kuma an tsananta wannan aiki zamanin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008. Mai saye ya duba lambar rajista, adireshin kamfani da kwanan wata a jikin leda, ya ɗaga ta sama ya leƙa cikinta, ya guji wadda aka jibge a rana ko a ƙasa kusa da kwata. Amma lambar tana nuna ranar da aka duba kamfanin ne kawai. Abin da ke faruwa sauran kwanakin yana hannun mai kamfanin da yaron da ke tsaye a gaban injin. In kai ne mai kamfanin, ka buɗe littafin nan kowace Juma'a ka karanta da idonka. In kai ne yaron, ranar da lamba ta hau ka faɗa wa maigida tun kafin a ɗora lodi a mota.